Ku Mayar wa Baba da Kundayen Ruwansa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Shirin Haɗa Kwamfutocin Binciken Kimiyya na Ƙasa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a? Allah ya taimaka.

Sunana Rabi Yusha'u, 'yar Getso, malamar labarin ƙasa a wata sakandaren 'yan mata a Gwarzo. Sau huɗu ina rubuta wa ofishinku wasiƙa a rufe, ko amsar "mun gani" ban samu ba. Shi ya sa na kawo wannan gaban jama'a. Ba kwangila nake nema ba, ba ƙarin girma ba. Kayan mahaifina nake nema.

Na farko, abin da kuka karɓa. Mahaifina, Malam Yusha'u, malamin Islamiyya ne kuma manomi. Tun kafin a haife ni yake da wata ɗabi'a da maƙwabta ke masa dariya a kanta. Akwai gwangwanin da yake ɗorawa a kan kututturen tsakar gida, duk lokacin da aka yi ruwa sai ya tsoma tsinke mai zane ya auna, ya rubuta da ajami. Ba da watan Bature yake lissafi ba, da taurarin damina yake yi kamar yadda ya koya wajen malaminsa: kwana kaza ga Haƙa'a, kwana kaza ga Nasara, kwana kaza ga Ɗarfa. A gefen awon yakan sa ranar da aka yi shuka, da ranar da gero ya fitar da kai, da shekarar da ciyawar wuta-wuta ta cinye dawar mutanen Lakwaya, da shekarar da sai da aka yi shuka sau uku. Fiye da damina talatin bai tsallake ko ɗaya ba. Ranar jana'izar mahaifiyata an yi yayyafi, shi ma yana ciki. Kundi goma sha ɗaya ne, kowanne a cikin gafakar fatar akuya da ya ɗinka da hannunsa.

Na biyu, yadda kuka karɓa. Ina tsakiyar karatun digiri na biyu mutanenku suka zo suka tara mu. Suka ce za a haɗa manyan kwamfutocin jami'o'in ƙasar nan su riƙa aikin gayya, lissafin da ɗaya za ta shekara tana yi a gama shi kafin la'asar. Suka ce ta haka za a riƙa gaya wa manomi lokacin shuka, abin da ya rage musu kawai bayanan ruwa daga karkara. Ni kuwa, da rawar kaina, na ɗaga hannu.

Kwana uku na yi ina roƙon Baba. Yayyena maza duk sun ce kada a bayar. A ƙarshe ya yarda, ya ce mini ajiya ce yake ba su, ba kyauta ba. Na so in ɗauki hoton shafukan kafin in miƙa, amma makon nan babu wuta a Gwarzo, mai injin hoton takardu kuma ba shi da man janareto. Mutanenku suka ce in kwantar da hankalina, injinsu ya fi kyau, mako biyu za su dawo da su. Suka ba ni takarda mai hatimi. Da na jira wuta ta dawo, da yau ban rubuta wannan ba. Wannan laifina ne, na ɗauka, kuma yana cina kullum. Yau damina uku ke nan.

Na uku, abin da na gani da idona. Na bar ɗalibaina na hau motar Kano har na daina ƙirgawa. A ofishinku na can na tarar da kwamfutocin a cikin kwalayensu, ko ledar ba a ɓare ba. Duk wanda na tambaya sai ya ce gwamnati na tsuke bakin aljihu, babu man janareto, babu kuɗin jawo waya. Amma an sami na kafa rumfuna da raba jaka ranar bikin ƙaddamarwa. Baba ya ji bikin a rediyo. Ya aika aka kira masa maƙwabtan nan masu yi masa dariya, ya gaya musu ruwansa ya shiga injin gwamnati. Ina zaune a wurin.

Wata mai buga takardu a ofishin ce ta ji tausayina ta gaya mini gaskiya. Fom ɗin da ke cikin ƙaramar kwamfutar ofishinku rana da wata da shekarar boko yake karɓa, ba shi da gurbin Ɗarfa. Waɗanda aka ba aikin suka buɗe kundi ɗaya, suka ga ajami, suka liƙa masa takarda cewa ba ya karantuwa, aka kai duka sito. A Kano fa, Yallaɓai, inda mai gadin ƙofarku ma zai iya karanta muku shi. Taurarin nan da lissafin rana suke tafiya, kowanne da lokacin shigarsa sananne, mayar da su watan boko aikin yini ɗaya ne ga malamin zaure. Ba a tambayi kowa ba, ni ma da na kawo su ba a tambaye ni ba.

Ta nuna mini ƙofar siton. An yi wa mai makullin canjin wurin aiki, ya tafi da shi. Na leƙa ta taga, na ga rufin yana yoyo, na ga hanyar gara ta hau bango. Ban hango gafaka ko ɗaya ba. Daga baya wani ya ce an kwashe kayan zuwa Abuja, na Abuja suka ce in tambayi ɗan kwangila.

Na huɗu. Muna zamanin Shari'a, kowace kwana a jihar nan akwai allon da ke tunatar da mu riƙon amana, har a bangon ofishinku na ga ɗaya. Ni ba masaniyar fiƙihu ba ce, amma a gidan malam na tashi, na san idan mai ajiya ya nemi kayansa mayar masa ake yi. Abin da ya hana ni zuwa gaban alƙali shi ne zai tambaye ni wa nake ƙara, ni kuwa har yau ban sani ba.

Na biyar, kuma don shi na rubuta sauran. Idanun Baba sun tafi a ranin da ya wuce, ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya fita ko masallaci. Kowace Juma'a in na je gaishe shi sai ya tambaye ni kundayensa. Ya ce ya san ba zai ƙara karanta su ba, so yake kawai ya riƙe su. Da na gaji da cewa mako mai zuwa, sai na yi abin da nake kunyar faɗa. Na je wajen baduku na sa ya ɗinka gafaka irin tasa, na cusa tsoffin takardun makaranta a ciki, na kai masa na ce ga na farko ya dawo. Ya karɓa, ya shafa ta, ya bi ɗinkin da ɗan yatsa tun daga sama har ƙasa. Sannan ya miƙo mini, ya sa mini albarka. Tun daga ranar bai sake tambayata ba. Mutumin da ya koya mini alif da hannunsa, shi na yi wa ƙarya yana makaho, kuma ya gane.

Don haka ga roƙona. A nemo makullin siton nan, ko a fasa ƙofar a gabana. In kundayen suna Abuja, a faɗa mini ɗakin, zan zo da ƙafata. In gara ta ci rabi, a ba ni rabin. In fatun kaɗai suka rage, a ba ni su haka, zai gane ɗinkinsa. In kuma babu komai, a rubuto mini a fili da sa hannunka, in karanta masa, ya ji gaskiya sau ɗaya daga bakina. Sannan kada ku ƙara karɓar takardar kowa sai kun tanadi wanda zai karanta ta.

Ba na yi wa shirinku mugun fata. Allah ya sa wata rana a kunna injinan nan su amfani manoma. Allah ya yi maka jagora, ya ba ka 'ya'yan da za su riƙe maka abin da ka damƙa musu fiye da yadda na riƙe na nawa uban.

Sai dai ka hanzarta, Yallaɓai. Shekaranjiya aka yi ruwan farko a Getso, ina gidan. Tun da na yi wayo, da an fara yayyafi nake jin muryarsa yana cewa a fitar da gwangwani. Wannan karon yana kwance yana jin ruwa na dukan kwano har aka ɗauke, bai ce a fitar ba.

Wassalam, daga mai jiran amsarka,

Rabi Yusha'u Getso