Ban Cire Mai Jinya Ba

Yaya Fatihu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Inna da yara. Ya ƙafar Baba?

Ni a Woodbridge lafiya lau, sai abu ɗaya da ya ɗaure mini kai. Abokan aiki sun sa ni gasar ƙwallo, na amsa da murna, ashe tasu ce ta Amurka, wadda ake rungumewa a ruga da gudu. Kuma ba ma bugawa. A waya kowa ke jera 'yan wasan gaske, in sun yi ƙoƙari ranar Lahadi ya samu maki. Ban san aikin rabinsu ba, amma ita ce kaɗai hirar da ake yi da ni a ofis.

Jiya ɗaya cikin nawa ya karye. Na ce Allah ya ba shi lafiya. Abokin aikina Joel, mutumin Jos, ya yi dariya: "Munzali, cire shi ka sa wani, ko ka sha kashi!"

Yaya, mutum yana kwance ake korarsa? Ban cire shi ba. Watan jiya da zazzaɓi ya kwantar da ni, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata.

Kada ka gaya wa Inna.

Ƙaninka,
Munzali