Huhun da Ba a Hura Ba

Tawa, Talata 11 ga Maris, da dare

Alhamdulillahi. Yau ƙwayoyin garkuwar da na wanko daga huhun rago sun yi abin da nake jira. Waɗanda na tsokana da ɓawon ƙwayar cuta sun fito da sinadarin da suke kashe cuta da shi, waɗanda ban taɓa ba kuwa suka yi lamo. Wata huɗu rabona da Damagaram da yarana, kullum a tashe nake samun ƙwayoyin duka, ba bambanci. Profesa mai duba aikina ya ce in wata ya ƙare ba sakamako, aikin ya mutu. Ba irin zagin da ban yi wa labon nan, ɗakin gwajinmu, ba.

Ashe Baba Ada mahauci, mai sayar mini da huhun, shi ne sanadi. Jiya na riske shi yana hura huhun da bakinsa.

"Baba, me ya kawo haka?"

"Likita, in ba baƙo huhu a yamushe? Mi za a ce da ni cikin Tawa?"

Ƙwayoyin bakinsa ne ke tada su tun kafin in kai labo. Na so in yi faɗa, amma ai ban taɓa hana shi ba. Laifina ne.

Yau ya miƙo mini shi a yamushe, yana kau da kai kamar wanda ya yi sata. Ban taɓa karɓar huhu mai kyan wannan ba.