Ƙamusun Teodoti da Ƙasusuwan Inna

Ramna, 11 ga Janairu, 1971

Zuwa ga ƙanena Lambros,

Bayan gaisuwa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen gidanka. Ni ƙalau nake, godiya ta tabbata ga Ubangiji. Dusar ƙanƙara ta toshe hanyar kwari kwana shida, sai jiya aka buɗe.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna bayan shekara tara, in aka cire wayar da na buga maka ta rasuwar Inna. Ga dalili. Tun da na bar koyarwa, Fada Serafim, limamin cocinmu, ya ɗora mini aikin haɗa ɗan ƙaramin ƙamus na Girkanci da Ingilishi, saboda samarin ƙauyen nan da ke bin sahunka zuwa Ostareliya, kada su sauka daga jirgi kamar kurame. Na gama kalmomin abinci da na aiki da na asibiti. Da na iso kan kalmomin yawo da ɓata sai na tsaya.

Ka san mu mun rarrabe su. Akwai yawon wanda ya san inda gida yake, irin na makiyayanmu da ke sauka kwari da sanyi su hawo da bazara. Akwai na wanda hanya ta kuɓuce masa ba da son ransa ba. Akwai kuma plani, wadda littattafan ibada ke faɗa a kan ran da ya bar gaskiya alhali yana zaton a kanta yake. Babban ƙamusun da nake dubawa ya jero mini kalmomin Ingilishi shida a layi guda, bai ce wacce ce ta wane ba. Kai da kake jin harshen daga bakin masu shi, ka warware mini.

Na tambayi kaina ko wannan kaɗai ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ban gama samun amsa ba.

Ubangiji ya tsare ka.
Yayarka,
Teodoti

Melbon, 2 ga Fabrairu

Yaya Teodoti,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyi bai cinye ki ba. Da na ga rubutunki a bayan ambulan sai da na zauna a kan buhun dankali. Na ce wa matata Norin, "Ko dai wani ya mutu, ko kuwa wani kuskuren rubutu na yi tun ina aji uku sai yanzu aka gano." Ta ce, "Buɗe mana, matsoraci."

Shekara tara, Malama, kuma da aikin gida kika zo mini. To ga amsa daga bakin mai soya kifi. Wander shi ne abin da tsofaffinsu ke yi ran Lahadi a bakin teku, hannu a baya, ba inda za su, kowa kuma ya san za su dawo cin abinci. Stray ta kare ce ko kyanwa da ba su da mai su. Hukuma har mota ta ware don kwashe su. Ta ukun taki na tambayi Norin, ta ce a cocinsu ta karen ce dai suke wa tumaki da mutane gaba ɗaya. Sauran huɗun ki share, ba wanda zai neme su a bakin kasko.

Ki gaya wa samarin cewa ksenitiya tamu, zaman baƙunta da kewar gida, ba ta da Ingilishi. Shekara goma sha huɗu ina nema. Su "zama a ƙasar waje" suke cewa, kamar abin da mutum ke yi da hutu.

Ni ma ina da tawa. Bana Inna ke cika shekara biyar a ƙasa, za a tono ta ke nan bisa al'adarmu, a wanke ƙasusuwanta a adana. Ba roƙon zuwa nake ba. Na san ta tafi da fushina, tunda na auri Norin ba a cocinmu ba, ba kambin aure a kanmu. Abu ɗaya kawai: in kin wanke ƙasusuwan, ki rubuto ki faɗa mini ko sun fito fes. Kin san ana cewa na wanda ya tafi da nauyi a rai ba sa fitowa fes.

Norin na gaishe ki. Girkancinta ya kai "sannu", "zo ka ci", da zagi biyu.

Naki,
Lambros

Ramna, 6 ga Maris, makon farko na Babban Azumi

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka Norin. Wannan ne karo na farko da na rubuta sunanta, kuma na lura hannuna bai karye ba.

Na gode da kalmomin, na shigar da su. Amma sakin layinka na maganar Inna ya hana ni addu'a kwana goma sha biyu, domin duk sa'ad da na buɗe baki sai in ji ƙarya ce ke tsaye a ciki. Don haka zan faɗa maka abin da ya faru, ba tare da na yi wa kaina sassauci ba.

Inna ba ta tafi da fushinka ba. Mako bakwai kafin ta cika, ta kira ni bakin gado ta ce in kawo takarda. Ka san ba ta iya rubutu ba. Ni ce hannunta. Ta ce, "Rubuta masa: ja'iri, ka zo. Ka taho da yarinyar in ganta. In ba ta iya murza ƙullu ba, zan koya mata, ai ke ma sai da kika kai ashirin kika iya." Na ce, "Inna, auren nan coci ba ta san da shi ba." Ta ce, "Ke ce cocin? Rubuta."

Na rubuta kalma da kalma. Na ninke, na sa a aljihu, na fita har ƙofar gidan waya, na juyo gida. Na ce mata na aika. A ganina a lokacin, in aka kira ka cikin sauƙi haka ba za ka taɓa tuba ba, shiru ne maganinka. Na ɗauka ina tsare ranka ne. Kullum in ta ji ƙararrawar jakin mai kawo wasiƙu sai ta ɗaga kai daga matashi, ni kuwa in ce, "Hanya ce da nisa, Inna." Ranar da ta cika ma ta tambaya.

Shekara biyar ina kallon kaina a matsayin wadda ta tsaya, kai kuma wanda ya kauce. Sai da na zauna zan bayyana wa samari ma'anar plani a layi biyu, na rubuta "wanda ya bar hanya yana da tabbacin a kanta yake", na karanta, na ga ba kai nake siffantawa ba.

Ga wasiƙar Inna nan a ciki. Taka ce tun ranar. Za a tono ta Asabar ɗin yi wa matattu addu'a, biyar ga Yuni. Ba ni da bakin da zan ce ka zo, amma ita ta riga ta faɗa.

Yayarka, wadda ta zalunce ka,
Teodoti

Ramna, 24 ga Afrilu

Ƙanena Lambros,

Almasihu ya tashi. Ina gaishe ku da idi.

Mako bakwai ke nan ban ji daga gare ka ba. Yanzu ni ce ke ɗaga kai in na ji jakin, kuma ban ce ba daidai ba ne.

Na yi iƙirarin zunubi gaban Fada Serafim kafin idi. Na faɗa masa na wasiƙar, na kuma faɗa masa wani da ban gaya maka ba: takardar sunaye da muke miƙawa tare da gurasar coci, masu rai a gefe guda, matattu a ɗaya, shekara tara ban sa sunanka a kowane gefe ba. Ya dube ni ta saman tabarau. Sannan ya ce, "'Yata, kin ɗauka takardarki nake jira? Ni na tsoma yaron nan a ruwan baftisma, ya cije mini yatsa. Kowace Lahadi ina kiran sunansa bayan naki. Na zaci idonki ne ya fara tafiya." Na ce, "Fada, da gangan ne." Ya ce, "To wannan ya fi ciwon ido wuyar magani. Tashi, gwiwarki ba ta yarinya ba ce." A kan wasiƙar kuwa ya ce yafewar ba a hannunsa kaɗai take ba.

Na sa kafinta ya haɗa akwatin ƙasusuwa da katakon gyaɗar turawa na bishiyar Baba. Na tanadi ruwan inabin wanki da farin mayafin naɗe ƙoƙon kanta. Ko ka amsa ko ba ka amsa ba, zan rubuto maka yadda suka fito, ba ƙari ba ragi.

Ubangiji ya tsare ku.
Teodoti

Melbon, 12 ga Mayu

Yaya,

Haƙiƙa ya tashi.

Sau huɗu na fara amsa ina yayyagawa, don abin da ke ciki ba na idi ba ne. Har yanzu da sauransa, kuma a gabanki zan faɗa, ba a takarda ba. Kada ki bari kowa ya sa fartanya a kabarin kafin in iso. Muna sauka Atina ɗaya ga Yuni, ni da Norin.

Kan Inna ni zan riƙe. Ke ki zuba ruwan inabin.

Lambros