A Tebur Ko a Aljihu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da rufin asiri. Allah ya sa aikin da ya kai ka can yana tafiya yadda ake so, ya kare ka daga sharrin dare da na rana. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yawon gaishe-gaishenta, ba ta jin hani. Maigidana yana nan yana fama da shago, yaran nan biyu kuma sun ci gaba da gadon da suka yi wurinka na ɓarnar takalma. Kayan da ka aiko sun iso, Allah ya ƙara buɗi. Sai dai takalmin 'yarka Aku bai shige ta ba, don girman ƙafar da ka sani ba shi ne yanzu ba. Ta ajiye shi ƙarƙashin gado, ta hana a ba kowa.

Na san za ka ce me ya kawo takarda alhali ga waya. A waya tsere mini kake yi, Yaya. Da na ɗauko maganar Aku sai ka ce an kira ka, ko ka ce ba ka ji na sosai. Takarda kuwa ba ta katsewa, don haka ka zauna ka karanta ta har ƙarshe.

Ka san bana ni aka ba aji ɗaya, kuma Aku tana ajina. Tun kafin a dawo hutu na matsa wa Shugabar makarantarmu ta bar mu mu gwada wata hanyar koyarwa. A da, kowane darasi zaman kansa yake yi. A yi lissafi, a kaɗa ƙararrawa, a shiga karatu, babu abin da ya haɗa wannan da wancan. A sabon tsarin jigo ɗaya ake ɗauka a riƙe shi tsawon makonni, kowane darasi ya rataya a jikinsa. Yanzu haka muna kan jigon Ruwa. Da kofi muke awon ruwa a lissafi, kalmomin da muke koyon rubutawa na ruwa ne, waƙarmu ta ruwan sama ce, darasin tsafta kuma wanke hannu. Ni da abokiyar aikina, wadda muke kira Malama Agogo saboda ba ta yafe wa mai latti ko da Shugaba ce, mu muka tsara shekarar gaba ɗaya a kan manyan kwalaye, muka manna a bangon ɗakin malamai. Daga Ruwa sai Gidanmu, daga Gidanmu sai Kasuwa, sai Tsirrai, haka har ƙarshen shekara. Kowane jigo yana miƙa wa na gaba hannu. A makon ƙarshe na Gidanmu iyaye za su shigo aji su faɗi sana'arsu, da sana'o'in nan ne kuma za mu buɗe 'yar kasuwarmu a bayan aji.

Tsarin ya karɓu fiye da yadda na zata, har ga Aku. Kai ka sa mata sunan nan saboda surutu, amma tun rasuwar mahaifiyarta da tafiyarka sai a wuni ba a ji muryarta ba. To a jigon Ruwa ta fara buɗe baki. Ranar da muke gwada abin da ke nutsewa da abin da ke yawo a kan ruwa, ita ta ɗaga hannu ta ce cokali zai nutse amma murfin roba ba zai nutse ba, da aka gwada kuwa haka aka gani, ta yi dariya har da tafi. Sai da na juya wajen allo na share idona.

A wannan makon ne na tsaya gaban kwalin Gidanmu ina duba abin da za mu tanada, sai na ga abin da ban lura da shi ba a da. Lissafi: ƙirga mutanen gidanku. Zane: zana mama da baba. Rubutu: sunayen 'yan gida. Waƙa: ta uwa. Yaya, a tsohon tsari idan darasi ya taɓa wa yaro inda yake masa ciwo, ƙararrawa tana cetonsa, a shiga wani abu ya manta. A namu babu inda za a gudu. Daga safe har a tashi, kullum, makonni a jere, uwa da uba ne a allo da littafi da bakin kowa. Abin da muke alfahari da shi a tsarin, shi ne zai rufe yarinyar nan a ɗaki ɗaya da abin da ta rasa. Na ji tsoro, kuma har yanzu ina jin sa, kada bakin da ya fara buɗewa ya sake rufewa.

A taron malamai na kawo shawarar a cire jigon ko a kai shi ƙarshen shekara. Malama Agogo ta ajiye bironta ta ce sam. Ta ce idan aka zare Gidanmu, Kasuwa ba ta da ƙafar tsayawa, kuma an riga an sanar da iyaye. Ta ce ba Aku kaɗai ce marainiya a aji ɗaya ba, ina tausayin yake lokacin da muke tsarawa, sai da abin ya zo gidana. Maganar ta sosa ni ƙwarai, na mayar mata da wadda ba ta dace ba. Amma ba ƙarya ta yi ba. Ta ƙara da cewa ba za a ɓoye wa yaro kalmar uwa har abada ba, gara ya ji ta a gaban malamar da ke sonsa da ya ji ta a bakin yara a filin wasa. Shugaba ta raba mu da cewa tsari yana nan yadda yake, ni kuma in zaɓa, ko Aku ta zauna a gida har jigon ya wuce, ko ta shiga a yi da ita. Tun ranar ni da Agogo gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Na dawo gida ina ta saƙa da warwara. In ajiye ta a gida, ta ga 'yan uwanta suna fita da jaka ita an bar ta, me zan ce mata? In kai ta kuma, ina kallo a yi ta fama mata miki. Gaba kura ce baya sayaki.

Ranar Asabar da rana na shimfiɗa tabarma a falo ina wanke murafan kwalba. Da su za mu yi lissafin Gidanmu, kowane yaro ya jera murfi ɗaya a kan teburinsa a madadin kowane mutum na gidansu, sannan a ga na wa ya fi tsawo. Aku ta zo ta zauna tana goge mini su da tsumma, sai ta tambayi na mene ne. Na so in ce na wasa ne, amma ban taɓa yi mata ƙarya ba, sai na faɗa mata gaskiya. Ta jawo ƙaramin teburin nan na shayi ta fara jerawa, ta ce wannan ita ce, wannan Gwaggo, wato ni, wannan Abban yara, ga 'yan uwanta biyu, ga Inna. Sannan ta ɗauki wani ta sa a aljihun rigarta, ta ce wannan na Mama ne, Mama tana wurin Allah, ba a sa ta a tebur, a aljihu ake ajiye ta. Ta faɗe shi ne a natse. Ashe duk faɗan da na yi da Agogo a kan abin da yarinyar ta riga ta samar wa wurin zama ne.

Sai ta ɗauki wani murfin, ta riƙe shi a tafin hannu ta daɗe tana kallo. Ta ɗago ta tambaye ni, wai na Baba fa, a tebur za ta sa shi ko a aljihu.

Yaya, ni malama ce, yara suna yi mini tambaya daga safe har yamma, ban taɓa gamuwa da tambaya mai nauyin ta ranar ba. In na ce tebur, za ta ce to ina yake. Aljihu kuwa bakina ba zai iya faɗa ba, kana raye. Sai na ce mata zan tambaye ka. Ta ce to, ta tashi ta ɗora murfin a bakin taga, yana nan har yanzu, ko shara nake yi ba na taɓa shi.

Na san abin da ke hana ka. Na san muryar Aku da dubanta duk na marigayiya ne, kuma ba na raina ciwonka, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗa maka ina jin haushinka. Mutuwa ta ɗauke mata uwa, wannan ba laifin kowa ba ne. Uba kuwa babu wanda ya ɗauke mata shi. Na yanke shawara za ta shiga Gidanmu tare da kowa, da zarar an dawo hutun rabin zango. Ban ce lallai ka bar aikinka ka taho ba, ko da yake a makon ƙarshe akwai kujerar da iyaye za su riƙa zama a gaban aji, kuma zumunci a ƙafa yake. Abin da na roƙe ka shi ne ka kira, ka ce a ba ka ita, ba ni ba, ka amsa mata da bakinka kafin ranar da za a raba murafan.

Inna tana gaishe ka, ta ce a gaya maka tana yi maka addu'a kuma tana da faɗa a ajiye. Maigidana da Kawu da Yaya Babba duk suna gaisuwa. Ka gaishe mini da maƙwabcin nan naka da ya yi jinyarka bara. Na tambayi Aku ko tana da saƙo, ta kalli bakin taga ta ce a'a, za ta jira.

Taka ƙanwa,
Gwaggon Aku