Hannun da Ke Cikin Hoton

Auta,

Kada ki karanta wannan wasiƙa a tsaye, kuma kada ki nuna wa ƙawayenki ku yi dariya. Nemi wuri ki zauna.

Bayan haka, ina gaishe ki. Ya karatu, ya jiki? Ina fata ciwon kan nan ya sake ki. Babanku da yayanki suna lafiya. Ni ce dai raina a ɓace, kuma ke ce sanadi.

Na ga takardar da ƙungiyarku ta taimakon dabbobi ta buga don neman gudummawa. Matar mai kantin magani ce ta kawo mini har kicin, tana murmushi. Na karanta waƙarki sau uku. Kin iya jera kalmomi, ban hana ki wannan ba. Kin rubuta cewa wata mace marar imani ta karya wa kyanwa ƙafa, tana dulmuya ta cikin ruwan sanyi. A ƙasa ga hoton kyanwata a jiƙe cikin baho, ga hannu riƙe da wuyanta.

Hannuna ne, Auta. Tabon ƙunar nan duk layinmu an san shi. Kin kuma san ranar: wanka nake mata da maganin ƙazuwa, ruwan sai da na ɗumama shi. Mota ce ta taka mata ƙafa. Ni na tsinto ta a bakin kwata, na ɗaure ƙafar, na yi wata biyu ina ɗura mata madara da sirinji, ke kuwa kina toshe hanci kina cewa a fitar da ita.

Yayanki ya ce kin gaya masa wai kyanwa mai gata ba ta sa mutane su sa hannu a aljihu. To, sun sa. Na je sayen nama, mahauci ya ce, "Mama, a ƙara da na kyanwa? Au, na manta, ita dukan tsiya take ci." Kowa ya kwashe da dariya.

Shekaranjiya ina asibiti wurin awon jini, samari biyu na ƙungiyarku suka zo da keji da takarda. Babanku ya ga hatimi a takardar, ya miƙa musu kyanwar. Na dawo na tarar da kwanonta da sauran madara a ciki. Har yau na kasa wanke shi.

Tausayin dabba lada ne. Amma ba a yi wa uwa ƙazafi don a ciyar da kyanwar wasu. Ki je ofishinku ki faɗi gaskiya da bakinki, ki karɓo mini ita. Ranar hutu ki shigo da ita a hannu, ko ki dakata a ƙofa.

Babanku na gaishe ki, kunya ta hana shi rubutu. Allah ya shirye ki.

Daga yau, duk mai rai a gidan nan, mutum ko dabba, ba ya shiga waƙarki sai kin tsaya gabana kin karanta mini ita, kina kallon idona.

Mahaifiyarki