Tsamiyar Inna da Rijiyar Keltawa

Unguwar Karantina, Jidda. Yau Laraba, alhazai sun fara komawa gida. Tari ya matsa mini, ƙafafuna sun kumbura, amma hannu yana iya riƙe alƙalami.

Zuwa ga Alhaji Ilyasu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, Allah ya karɓi hajjinka. Ka aiko cewa za ka biyo ta wurina bayan la'asar. Na ɗauki alƙalami kafin ka iso domin numfashina ba ya kai ni ƙarshen magana, kuma ina so mutanen garinmu su ji abin da na ce maka.

Alhazan garinmu sun gaya mini kai ne ka ba da umarni a sare tsamiyar bakin idon ruwa da zarar ka koma, wai matattarar tsafi ce. Ilyasu, ƙarƙashin tsamiyar nan uwata take kwance. Da hannunka ka taya ni haƙa kabarin.

Ka tuna Baturen Ailan da ya koyar da mu a makarantar Midil, wanda muke kira Jan Kunne? In ya gaji da lissafi sai ya shiga ba mu labarin kakanninsa, Keltawa. Yadda bokayensu ke taruwa a kurmi ƙarƙashin manyan itatuwa. Yadda jarumi zai lanƙwasa takobinsa ya jefa a tafki, kyauta ga masu ruwa. Da daren shigowar hunturu, da suke ajiye wa matattunsu abinci. Da rijiyoyin da majinyaci ke tsoma tsumma a ciki, ya shafa a jiki, ya ɗaura a reshe, wai tsumman na ruɓewa cutar na tafiya.

Baki buɗe kake saurare. Kai ne ka ce, “Mutanen nan akwai zurfin tunani.” An ce da hukuma ta tura ka kwas ƙasarsu har irin wannan rijiya ka je, aka ɗauke ka hoto gefen tsummokaran, yana nan rataye a falonka.

To, gaya mini, da me tsumman Bature ya fi na Inna? Nasu ya zama tarihi, ana sa shi a gilashi. Namu kuma sai gatari?

Shekarar da ciwon shawara ya kwantar da kai, gidanku na nesa, ɗakin Inna aka kawo ka. Bamagujiya ce a lokacin. Zanenta na fita ɗaya ne tak. Ta yage bakinsa, ta jiƙa a idon ruwa, ta goge maka goshi, ta je ta ɗaura a tsamiya. Ta ce, “Ɗan mutane ba zai mutu a hannuna ba.” Da yagaggen zanen nan ta ci kasuwa har ya ƙare.

Kada ka yi mini wa'azi. Na tsufa kusa da Ɗakin Allah, na san Allah ne ya tashe ka, ba tsumma ba. Ita ma ta sani daga baya, da kalmar shahada ta cika, kana wurin. Ka kwance tsummokaran, ka tara mutane ka karantar da su, ban hana ka ba. Amma ba dutse a kabarin nan, ba alama. In itacen ya faɗi, damina biyu ta isa a noma gero a kan Inna.

Ilya, ba ni da kowa a can sai kai. Ƙafar da ta kawo ni nan ba za ta mai da ni ba. Kai ne ɗanta da ya rage a gida, kai da take ɓoye wa ƙanzon tuwo ta ce ni na ƙoshi.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinta. Allah ya tausasa zuciyarka, ya kai ka gida lafiya.

Naka tun ƙuruciya,
Audu

An kira magariba, ba ka zo ba. Maƙwabcina mai shayi ya leƙo ya ce, “Ya Hajji, khalas, shi ke nan, jirginsu ya tashi tun azahar.” Zan ba wata tsohuwa da za ta biyo jirgin baya takardar nan ta kai maka. In gatari ya riga ta isa, ka bar kututturen ko da kamu ɗaya ne, a san inda za a tsaya a yi mata addu'a.