Surukina Mai Bin Hadari Ya Mayar da Ni Direbansa

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki cece ni da shawara kafin damina ta yi nisa.

Ni tela ne, kuma tun ina yaro nake tsoron tsawa. Da na ji rugugi sai in bar keken ɗinki in nemi lungu. Matata ta sani, kullum da shi take tsokanata.

To mahaifinta, tun da ya yi ritaya daga koyarwa, sai ya sayi kyamara ya ɗora wa kansa ɗaukar hoton hadari. Mutane na gudun ruwa, Baba na bin sa. Falonsa duk hotunan walƙiya ne, har na bikinmu an sauke don a samu wuri. Da likita ya hana shi tuƙi saboda ciwon gwiwa, sai ya aiko a kira ni. Da wane bakin zan ce wa surukina a'a? Yanzu da gabas ta yi baƙi wayata za ta yi ƙara. Mu fita bayan gari, ya kafa kyamara a fili, ni kuma in riƙe masa lema ina karanto duk addu'ar da na sani. Rannan iska ta tafi da hulata, shi kuwa sai murna yake wai ya kama walƙiya mai rassa.

Abin da ya ɗaure ni, da can Baba bai cika sakar mini fuska ba, daga gaisuwa shi ke nan. Yanzu “ɗana” yake ce mini, yana zubo mini shayi a filas, yana gaya wa abokansa ya yi dacen suruki jarumi. Wallahi ina jin daɗin haka, ni da na tashi ba uba. In na faɗa masa gaskiya ina tsoron mu koma gidan jiya. In na yi shiru kuma, wata rana a bakin hanya za a tsince ni a sume.

Naki,
Tela Mai Riƙon Lema

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam Tela. Ka ba ni dariya, amma tsoronka ba shirme ba ne. Tsayawa a fili da lema ana walƙiya ganganci ne, kuma gindin bishiya ma ba mafaka ba ne. Shi ma Baba yana da gaskiyarsa. Dattijon da ya samu abin da ke fitar da shi gida da fara'a, ba a raba shi da abin.

Kada ka tura matarka, wannan maganar taka ce. Ka same shi ranar da gari ya yi wasai, cikin ladabi ka ce za ka ci gaba da tuƙa shi, amma da sharaɗi. A riƙa ɗaukar hoto tun hadari na nesa. Da an ji tsawa ku shiga mota ku ɗaga gilashi, ya ɗauka daga ciki. In ka ce a juya, a juya.

Sannan ka daina ɗauka bai sani ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana gane ɗalibin da bai yi aikin gida ba tun daga bakin ƙofa, ba zai kasa ganin lema na rawa a kansa ba. Ya san kana jin tsoro, kuma duk sanda ya kira sai ka zo. Shi ya sa yake ce maka jarumi.

Allah ya tsare ku, ya ƙara danƙon zumunci.